Laima Daidai Da Iska

Karatu: 1 Sama'ila 17:32-40, Ayyukan Manzanni 27:9-20



A Illela ba mu da teku. Ruwan da muka sani shi ne tafkin Kalmalo, da rijiyoyin lambun albasa, sai kududdufan damina. Amma iska kam, Allah ya ba mu ita iri-iri. Akwai ta hunturu, mai busowa daga arewa maso gabas tun watan Nuwamba har wajen Fabrairu, ta cika ido da ƙura, ta farfasa leɓe. Akwai ranakun bazara da ko ganyen dogonyaro ba ya motsi. Akwai kuma wadda ke riga ruwan farko isowa, ta kwashe kwanon ɗaki ta jefa a gidan maƙwabci. Duk yaron da ya taɓa haɗa leda da tsinken tsintsiya da zare ya saki a sama ya san ba kowace rana jirginsa yake tashi ba, kuma ranar da iska ta yi yawa zaren ne ke tsinkewa. Saboda haka ko da yake zancena na yau a kan wasan mutanen bakin teku ne, na tabbata ba zai zama mana baƙo ba.

Wasan shi ne wanda mutum yake tsayawa a kan ɗan allo bisa ruwa, wata babbar laima tana shawagi a sama tana jansa. Laimar ta yi kama da ta sojojin da ke dirowa daga jirgin sama, sai dai ita a lanƙwashe take kamar jinjirin wata. Igiyoyi huɗu, masu tsawon mita 20 zuwa 24, suna saukowa daga jikinta zuwa wata sanda da ɗan wasan yake riƙe da ita. Akwai ƙugiya da ke haɗa igiyoyin da wata ɗamara da ya ɗaura, don haka ƙugunsa ne ke ɗaukar nauyin ja, hannu kuwa tuƙi kawai yake yi. Wasu Faransawa biyu, wa da ƙane, Bruno da Dominique Legaignoux, su ne suka yi rajistar laimar da ake hura wa baki iska a shekarar 1984, domin in ta faɗa ruwa kada ta nutse, a iya sake tayar da ita. A Afirka ana yin wasan a Dakhla, da Zanzibar, da Afirka ta Kudu, da bakin Bahar Maliya a Masar.

Ni a waya na fara ganinsa, lokacin gasar Olamfik ta 2024, shekarar da aka fara saka shi a gasar. A birnin Marseille na Faransa aka yi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda gwanayen duniya, kowa da kayansa masu tsada, suka riƙa zama a bakin ruwa suna jira saboda iska ta kwanta. Har wasan ƙarshe na maza sai da aka ɗage shi zuwa washegari, 9 ga Agusta. Daga nan na bi diddigin yadda masu koyar da wasan suke zaɓa wa mutum laima. Na tarar tambayoyi biyu suke yi kafin komai: ina ka kai a koyo, kuma wace irin iska ake yi yau? Tun daga lokacin tambayoyin nan biyu suke bina har cikin addu'a.

Laimar mai koyo

Laimar da babban mutum mai nauyin kilo 70 ko 75 ya fi amfani da ita tana da faɗin murabba'in mita 12, wato kamar daɓen ɗaki mai mita 3 da mita 4. Amma ba ita ake miƙa wa sabon shiga ba. Ana fara ba shi 'yar ƙarama, murabba'in mita 2 ko 3, ba ta fi tabarma ba, kuma a kan rairayi zai tsaya da ita, ƙafarsa ko ruwa ba za ta taɓa ba.

Da 'yar ƙaramar nan yake koyon inda ƙarfin iska yake. Idan ya juya wa iska baya, laimar a gabansa kawai take iya yawo, daga dama zuwa bisa kai zuwa hagu, cikin wani fili mai siffar rabin ƙwarya da aka kife. A gefe-gefe da bisa kai jan ba shi da yawa. Amma da zarar ta gangaro tsakiya, daidai inda iska ta nufa, sai ta fizge shi. Idan ƙarama ce, iyakarta ta ja shi taku biyu ko uku, ya yi dariya ya gyara. Idan babba ce, kuskuren nan guda ya isa ta ɗaga shi sama ta maka da ƙasa, ko ta ja shi a kan duwatsu. Kuskuren ɗaya ne, girman laimar ne yake sa sakamakon ya bambanta.

Akwai wani lissafi da masu koyarwa ba sa gajiya da maimaitawa. Idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da take ja da shi sau huɗu yake ninkawa. Laimar da ka riƙe lafiya lau a iskar kilomita 20 a awa, in iskar ta kai 40, ja huɗu za ka ji a ƙugunka. Shi ya sa tun kafin a koya wa ɗalibi hawa allo ake koya masa saki: yadda zai sake sandar don laimar ta rage ƙarfi, da yadda zai tura makullin gaggawa da ke gaban ɗamararsa don laimar ta zube gaba ɗaya. Ko ranar da zai shiga ruwa, ana zaɓa masa laima matsakaiciya mai sauƙin rage ƙarfi da sauƙin tashi in ta faɗi, da allo mai faɗi, da ruwa marar zurfi, da iska mai busawa bai ɗaya. Ba a barinsa ya shiga in iskar tana busawa daga tudu zuwa tsakiyar teku, domin in wani abu ya lalace, can za ta tafi da shi. Laimar gwanaye ta tsalle da juyi a sama tana nan, amma sai lokacinta ya yi.

Da na karanta wannan, Dawuda ne ya faɗo mini a rai. Sa'ad da ya ce zai fuskanci Goliyat, Sarki Saul ya sa masa nasa kayan yaƙi, kwalkwalin tagulla da sulke da takobi. Kaya ne na gaske, kayan sarki. Dawuda ya gwada tafiya da su, ya ga bai saba ba, ya tuɓe. Ya ɗauki sandarsa da majajjawarsa, ya tsinci duwatsu biyar masu sulɓi a rafi. Mukan so wurin faɗuwar Goliyat, amma ku lura da abin da Dawuda ya gaya wa Saul tun da farko. Ya ba shi labarin zaki da beyar da ya yi fama da su yana kiwon tumakin mahaifinsa, a jeji, inda ba mai tafa masa. Can ne rairayin da ya yi koyo. Allahn da ya cece shi a ƙaramin fili shi ya dogara gare shi a babban fili, kuma ya shiga da makamin da hannunsa ya sani.

Mu a nan bakin iyaka, laimar da ta fi ƙarfinmu kullum tana rataye a gaban idonmu. Kana zaune, sa'anka ya sayi sabon babur cikin wata uku, kowa kuma ya san da jarkoki da ɓarauniyar hanya da tafiyar dare ya same shi. Wani ya nuna maka a waya yadda za ka ci bashi cikin minti biyar, ko yadda za ka sa dubu ɗaya a cacar ƙwallo ka kwashi dubu ɗari. Wata aka yi mata alkawarin aiki a can gaba da Agadas, ba ta san mai alkawarin ba, ba ta san hanyar dawowa ba. Duk waɗannan suna ja da ƙarfi, shi ya sa suke da daɗi a farko. Amma ba su da makullin gaggawa. Wanda ya shiga bashin da ya fi jarinsa, ko ya ɗauki kayan da bai isa ya buɗe a gaban jami'i ba, in iska ta juya ba shi da wurin saki. Hausawa sun riga sun faɗa: iska tana wahalar da mai kayan kara.

Har a cikin ikilisiya haka ne. Mutum ya karɓi Almasihu watan jiya, muryarsa da daɗi, bakinsa da kaifi, sai mu yi sauri mu damƙa masa makirufo da shugabanci da ajiyar kuɗin zumunta. Muna ganin girmama shi muka yi, alhali mun ɗaura masa laimar mita 12 ne tun bai san inda iska take ja ba. Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti a kan ɗora sabon tuba a shugabanci, don kada girman kai ya kāda shi (1 Timoti 3:6). Shi kansa Bulus, bayan tubansa, sai da ya tafi Arabiya, kuma shekara uku suka wuce kafin ya je Urushalima ya ga Bitrus (Galatiyawa 1:17-18).

Aikina na farko a zumuntarmu share ƙurar hunturu ne daga bencina kafin mutane su iso. Bayan haka aka ba ni karanta aya ɗaya kafin addu'ar buɗewa. Wata rana na tambayi wani dattijon ikilisiya da ke kula da mu, na ce, "Baba, yaushe za a ba ni in kawo saƙo?" Ya ce, "Ɗana, ayar da kake karanta mana, kana karanta ta a gida in ba kowa?" Bai ƙara komai ba. Watannin nan na aya ɗaya sun koya mini inda zuciyata take fizga: ina son yabo, ina jin zafi in ba a ambaci sunana ba. Gara mutum ya gano irin wannan game da kansa yana riƙe da tsintsiya, da ya gano shi yana tsaye a bagade. Da rarrafe yaro kan tashi.

Ranar da iska ta yi ƙasa

Tambaya ta biyu ita ce ta iska. Idan gudunta ya sauko wajen kilomita 15 zuwa 20 a awa, laimar mita 12 ba ta iya ɗaga babban mutum daga ruwa. Masu son hawa a irin wannan rana sukan ɗauko babba, mita 15 zuwa 17, wadda aka ɗinka da yadi marar nauyi, aka rage mata haƙarƙari don kada nauyinta ya kāda ita. Wasu suna amfani da wadda ba a hura ta da famfo, iskar da ke shiga aljihunanta ce ke buɗe ta. Sukan haɗa da allo mai faɗi sosai, ko allo mai fiffike a ƙarƙashi wanda ke ɗaga mutum sama da ruwa don ruwan ya daina riƙe shi. Dabarar dai biyu ce: a faɗaɗa abin da ke tarar iska, a rage abin da ke jawo nauyi.

Akwai kuma abubuwa biyu da suka ba ni mamaki. Na farko, a iska kaɗan ba a barin laima ta tsaya wuri ɗaya. Dole a riƙa kai ta sama ana sauko da ita, domin motsinta yana ƙara mata iskar da take ji, kuma da zarar allo ya fara tafiya, gudun kansa yana ƙara wata. Wanda ya tsaya cik yana jira, laimarsa faɗuwa take yi. Na biyu, wanda ya ji ja ya ragu yakan so ya jawo sandar da ƙarfi zuwa cikinsa. A iska kaɗan wannan ne yake shaƙe laimar, ta koma da baya ta faɗo. Maganin shi ne ya tura sandar gaba, ya sassauta, laimar ta samu ta yi gudu. Zafin nema ba ya kawo samu.

Iyayenmu mata sun san wannan ilimi ba tare da sun ga teku ba. Bayan sussuka, in Inna za ta yi shiƙa ta ga iska ba ta da ƙarfi, ba ta zuba geron da fushi. Takan ɗaga ƙwaryar sama sosai, ta riƙa sakin hatsin kaɗan-kaɗan, ta maimaita sau biyu ko uku. Aikin yakan daɗe, amma ƙaiƙayin yakan fita.

Garinmu ya ga ranakun da iska ta kwanta. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, ba a buɗe ta Illela ba sai 16 ga Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris 2024, ga kuma tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai. Mun ga hanyar Ƙonni shiru. Mun ga masu dako da 'yan acaɓa da masu sayar da abinci a tasha suna zaune. A zumunta mun ga bencina suna raguwa da mutane, wasu sun tafi Sakkwato, wasu Abuja, wasu Legas, baiko ma ya yi ƙasa. Kuma da yake kasuwarmu ranar Lahadi take ci, wanda bai samu komai ba duk mako yakan tsaya a ƙofar gida da safe yana auna sujada da ciniki. Wannan gwaji ne na gaske, ba abin da za mu yi wa juna gori a kai ba ne.

Irin waɗannan ranaku suna iya dawowa, wasunmu ma suna cikinsu yanzu: ka gama makaranta ba aiki, ka yi addu'a kamar ba ta wuce rufin ɗaki. A nan ne darasin laimar iska kaɗan yake da amfani. Ka faɗaɗa abin da kake tarar alherin Allah da shi. In dā minti biyar na addu'a yana ɗaukarka, yanzu ka ƙara lokaci, ka ƙara karatun Maganar Allah, ka nemi 'yan'uwa biyu ko uku ku riƙa haɗuwa a tsakiyar mako. Ka rage nauyi: kashe kuɗi don a gan ka, abokan da hirarsu ke kashe maka zuciya, riƙon da ka yi wa wani shekara da shekaru. Kada ka tsaya cik. Ka koyi sana'a ko ba a biyanka tukuna, ka je lambu, ka koya wa yara karatu, ka ziyarci marar lafiya. Kuma kada ka shaƙe laimar. Mai bin masu sayar da mu'ujiza daga wannan taro zuwa wancan, yana ba Allah wa'adin kwana bakwai, ya yi kama da mai jawo sanda da ƙarfi a ranar da ya kamata ya sassauta.

Kada mu ɗauka cewa shirun yanayi yana nufin Allah ya yi nisa. A Ibrananci da Helenanci, harsunan da aka fara rubuta Littafi Mai Tsarki da su, kalma ɗaya ce take nufin iska da ruhu, kuma Yesu ya yi amfani da misalin iska sa'ad da yake bayyana wa Nikodimu aikin Ruhu (Yahaya 3:8). Amma Ruhu Mai Tsarki ba ya raguwa kamar iskar bazara. Annabi Iliya ya tsaya a Dutsen Horeb, gawurtacciyar iska ta wuce tana farfasa duwatsu, girgizar ƙasa ta wuce, wuta ta wuce, bai sami Ubangiji a cikinsu ba, sai a wata siririyar murya da ta biyo baya (1 Sarakuna 19:11-13). Wanda ya saba jin Allah a babban taro da ganguna kaɗai, zai sha wuya a ranar shiru.

Saura gargaɗi ɗaya. Babbar laimar iska kaɗan ita ce ta fi haɗari in iska ta taso ba zato, saboda lissafin nan na ninki huɗu. Shi ya sa mai hawa da ita ba ya ɗauke ido daga sama, in ya ga hadari ya haɗo sai ya fito ya sauke ta tun da wuri. Kuma ba a ba mai koyo ita don kawai yau iska ba ta da ƙarfi. A karatunmu na biyu, Bulus ya shawarci masu jirgi kada su tashi daga mashigin da suke a tsibirin Karita, domin lokacin tafiya ya wuce. Jarumin sojan ya fi yarda da matuƙi da mai jirgin. Da wata iska mai laushi ta buso daga kudu, suka ce buƙata ta biya, suka tashi. Ba a jima ba guguwa ta auko musu daga arewa maso gabas, suka yi kwana 14 tana kora su, da mutum 276 a ciki, suka zubar da kaya, jirgin ma ya farfashe, ko da yake Allah ya tsirar da rayukansu duka. Lokacin da abubuwa suka yi wuya ne tayi mai laushi yake zuwa, ya yi kama da amsar addu'a. Kafin ka tashi, ka kai shi gaban wanda ya girme ka cikin bangaskiya, ka kuma saurare shi ko da ya ce ka dakata.

Don haka a wannan mako ina roƙon kowannenmu ya zauna da takarda da biro, ya amsa tambayoyin nan biyu tsakaninsa da Allah. Ina na kai a koyo? Wace irin iska ake yi a rayuwata yanzu? In kai sabo ne, a bangaskiya ko a sana'a ko a hidima, ka karɓi 'yar ƙaramar laima da godiya, ka riƙe ta da aminci, gama Ubangiji ya koya mana cewa amincin mutum a ƙaramin abu shi ke nuna yadda zai yi da babba (Luka 16:10). In kana cikin ranakun shiru, ka faɗaɗa, ka rage nauyi, ka ci gaba da motsi. Mu kuma da muka ɗan daɗe a zumunta, mu tsaya kusa da ƙannenmu a kan rairayi, mu riƙe musu ɗamara ta baya har hannunsu ya saba.

Mu yi addu'a.

Ya Uba na sama, kai ne mai iko da iska da teku. Ka san ƙarfin kowannenmu fiye da yadda muka san kanmu. Ka tsare mu daga kwaɗayin kayan da suka fi ƙarfinmu, ka ba mu tawali'u mu koya a ƙaramin wuri. Ka tuna da 'yan'uwanmu da ba su da aiki, da waɗanda suka bar gari neman abinci, da waɗanda bashi ya danne. Ka ba garinmu Illela da maƙwabtanmu na Ƙonni zaman lafiya da buɗi. A ranakun shiru ka buɗe kunnuwanmu mu ji muryarka, ka ba mu dattawa masu faɗa mana gaskiya, ka ba mu zuciyar da za ta saurara. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.